Idan manhajar gini za ta sauko da JDK da kanta

JDK shi ne kunshin kayan aikin rubuta manhaja da yaren Java, manhajar gini kuma ita ce mai harhaɗa abin da aka rubuta ya zama manhaja. Masu rubuta Java da suka tattauna batun barin ta ta sauko da JDK da kanta sun fi nanata tsaro. Duk fayil ɗin da aka sauko da shi a gwada lambarsa ta SHA-256, wadda ke nuna ko an sauya fayil ɗin, kafin a buɗe, in ba ta yi daidai ba aiki ya tsaya nan take. Sun ce manhajar ta fara laluben JDK da ke kan kwamfutar tukuna, kamar yadda manhajar gini ta Gradle ke yi tun fitowa ta 6.7 a 2020, kuma a ajiye wanda aka sauko a wuri guda, kada kowane aiki ya sake cinye data. Dole a bar hanyar kashe saukarwar, don kamfanoni da yawa sun toshe intanet a injinansu. Wajen lasisi kuwa, JDK mai suna Temurin ya fi na kamfanin Oracle kwanciyar hankali.