Lockdep na kuka a kan NFS, amma injin bai tsaya ba

Ɗan Zengou:
Salamu alaikum. Na harhaɗa kanel na Linux, wato zuciyar tsarin, da zaɓin CONFIG_PROVE_LOCKING mai kunna lockdep, mai sa ido kan makullan da sassan kanel ke riƙewa don kar su yi karo, a kwamfutar da ke ɗauko fayiloli ta NFS, hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, a ɗakin karatunmu nan Damagaram. Da ƙwaƙwalwa ta cika, sai dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ya fito da gargaɗin makullai biyu na jiran juna. Aiki dai na tafiya lafiya lau. In kashe gargaɗin?

Malam na Birni:
Wa alaikumus salam. Kar ka kashe, ƙanena. Lockdep, tun shigowarsa a kanel 2.6.18 cikin 2006, ba ya jiran injin ya ƙame: jerin ɗaukar makullai yake tunawa, in ya ga wuri ɗaya A kafin B, wani wurin B kafin A, sai ya yi magana. Abin da nake zato a naka: an nemi ƙwaƙwalwa da GFP_KERNEL, tutar da ke ba kanel damar nemo wuri in ta cika, ana riƙe da makulli, kanel ya shiga kwaso shafukan ƙwaƙwalwa don samar da wurin, ya dawo cikin NFS neman wannan makullin. Ka zagaye wurin neman da memalloc_nofs_save da memalloc_nofs_restore, masu hana kanel komawa cikin tsarin fayiloli a tsakaninsu, ko ka yi neman tun kafin kullewa. Na biyun ya fi mini tsabta.

Hajiya Sabon Gari:
Ƙari kaɗan: lockdep na yin shiru bayan rahoton farko, sai ka sake kunna injin bayan kowane gyara. Ka kuma saka CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, shi ke kama aikin da ya yi barci, wato ya dakata jira, riƙe da spin_lock, makullin da ba a barci da shi.

Ɗan Zengou:
Na gode, Malam, Hajiya. In wuta ta dawo, zan liƙo rahoton duka.