Na cire sulke saboda lamba ta sauka

Auta: Assalamu alaikum manyanmu. Na sa gem ɗin Baldur's Gate na farko a laftof ɗin yayana, yau kwana uku ina shan kashi. Na tara kuɗi na sayi sulke, ina sa wa jarumina sai lambar Armor Class ta sauka daga 10 zuwa 5. Na ɗauka cuta ce, na cire na sayar da asara. Ina fita daji kyarkeci ɗaya ya gama da ni. Gem ɗin ne ya lalace ko kaina?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kanka ne, Auta, amma ba kai ka fara ba. Gem ɗin na 1998 ne, an gina shi kan dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons bugu na biyu, kuma a can lambar sulke ƙasa take yi in ta yi kyau. Mai 10 tsirara yake, mai 0 ya sha ƙarfe, har ƙasa da sifili ana zuwa. Akwai wata lambar, THAC0, ita ce ta iya saran jaruminka. Ka cire lambar sulken abokin gaba daga cikinta, abin da ya rage shi ake so ɗan lido mai fuska 20 ya ba ka kafin saranka ya shiga. In taka 18 ce, tasa 5, sai ka jefa 13 ko sama. Duk wannan yana cikin manuwal ɗin. Ka karanta shi?

Auta: Yaya, wane manuwal? Fayil kawai aka tura min a filasha.

Kawu na Wunti: To ka ji. Mu ma haka muka taso, ɗana. Faifan CD muke saye a leda, hoton bango an yi masa fotokwafi, babu kwali balle littafi. Shekaru muka yi muna cewa gem ɗin Turawa wuya gare su, ashe rabin kayan aka sayar mana. A shekarun 1980 faifan fulofi mai inci 5.25 da aka saba da shi a kwamfutar IBM yana ɗaukar 360KB ne kawai, hoton da ka ɗauka da wayarka yanzu ma ya fi shi nauyi. Masu gem ba su da wurin zuba dogon labari, sai su buga shi a takarda. Wasteland na 1988 kana cikin wasa zai ce maka je ka karanta sakin layi lamba kaza. In ba littafin, ka tsaya ke nan kamar wanda aka aika kasuwa aka manta ba a faɗa masa abin da zai sayo ba.

Maman 'Yan Biyu: Kawu ka tuna min da wani abu. Littafin Wasteland ɗin nan kada wanda ya zauna ya karance shi daga farko zuwa ƙarshe. Sun cusa sakin layi na ƙarya a ciki da gangan, har da wani labarin tafiya duniyar Mars da babu shi a gem ɗin sam, don su ɓatar da masu leƙe. Pool of Radiance, shi ma na 1988 daga kamfanin SSI, haka Adventurer's Journal ɗinsa yake. Lambar da aka ce ka buɗe ita kaɗai za ka buɗe.

Ɗan Gwallameji: Ni fa da girmamawa, Kawu, ban ga dalilin wahalar nan ba a yau. YouTube na nan, wiki na nan. Minti goma wani zai nuna maka jarumin da ya fi ƙarfi da inda takobi mafi kyau yake.

Kawu na Wunti: Shi ya sa ban son su. Manuwal yana gaya maka yadda duniyar take aiki, ya bar ka da ita. Mai bidiyo kuwa ya riga ya tauna, ya zuba maka a baki. Sannan in NEPA ta ɗauke, data ta ƙare, takarda ba ruwanta.

Ɗan Gwallameji: In wuta ta ɗauke ai gem ɗin ma ya tsaya, Kawu.

Kawu na Wunti: Lokacin karatun ke nan, ja'iri.

Injiniya: Ɗan Gwallameji yana da gaskiya ta wani gefen. Manuwal ana buga shi tun ba a gama gyaran gem ba, don haka wani lokaci abin da ya faɗa da abin da ke faruwa a allo sukan saɓa. Nan wiki ta fi shi. Amma akwai gem ɗin da ba ya ko motsi sai da takardarsa. Pool of Radiance yana da wani faifan kwali mai juyawa, kafin ya buɗe sai ya nuna maka baƙaƙe biyu, ka daidaita su a faifan ka rubuta kalmar da ta fito. Eye of the Beholder na 1991 kuma kalma yake tambaya daga shafi kaza, layi kaza. Maganin masu kwafi ne, irinmu ke nan. Wizardry na 1981 kuwa da hannunka kake rubuta sunan sihiri: DIOS don warkarwa, KATINO don sa maƙiya barci, HALITO ɗan wuta. Waye zai cinki waɗannan da ka?

Maman 'Yan Biyu: In shawara ake nema, ni Ultima IV zan ce a fara da shi, na 1985, na Richard Garriott. Kwalinsa ya zo da taswira ta ƙyalle da littattafai biyu, The History of Britannia da The Book of Mystic Wisdom. Na biyun kamar kundin mai magani yake: ginseng da tafarnuwa suna karya dafi, ginseng da saƙar gizo-gizo suna warkar da rauni. Sai ka sayi kayan ka haɗa kafin ka shiga faɗa, ba a tsakiyarsa ba. Yarana ma da ba sa son karatun Turanci sun zauna da ƙamus saboda shi. Kuma kyauta yake a GOG, shafin da ke sayar da tsofaffin gem, da littattafan a PDF.

Auta: Anti, duk sai na karanta kafin in taɓa? Ina da jarrabawa fa.

Injiniya: A'a. Na Baldur's Gate ka karanta wurin ƙirƙirar jarumi da wurin faɗa, awa ɗaya ya isa. Jerin sihirin ka bar shi sai ka buƙata. Na Fallout na 1997 kuwa, Vault Dweller's Survival Guide, ko ba ka wasa ka karanta don daɗi, an rubuta shi kamar takardar gargaɗin hukuma ga waɗanda suka ɓuya daga yaƙin nukiliya, ga barkwanci. In ba ka samu a GOG ba, duba shafin Internet Archive, akwai tsofaffin manuwal da yawa da aka yi wa sikanin.

Kawu na Wunti: Kuma kada ka karanta a laftof ɗin da kake wasa, fita da shiga daga DOSBox, manhajar da ke kunna tsofaffin gem ɗin, zai gundure ka. Ko ka sa a waya, ko ka kai bizines senta a buga maka shafukan teburi kawai, baƙi da fari, gaba da baya. Wanda zai shiga Wizardry ya haɗa da littafin giraf irin na lissafi da fensir, don gem ɗin ba ya zana maka taswira. Kowane hawa gida 20 ne tsaye, 20 kwance. Da fensir na ce, ba biro ba, akwai wuraren da ke juya ka ba ka sani ba.

Ɗan Gwallameji: Kawu, journal ɗin Pool of Radiance da ka ce ka buga bara yana nan?

Kawu na Wunti: Kai da ka ce YouTube ta ishe ka? Yana nan. Ka biyo shago ranar Asabar bayan la'asar, amma ka dawo min da shi ba maiƙon ƙosai a jiki.

Auta: Na koma wurin mai sulken. Kuɗin da ya saya a hannuna bai kai rabin wanda yake nema yanzu ba.