Aikin leza a dasashi: abin da likitocin haƙori na Yamai suka tsaya a kai

A tattaunawar da likitocin suka yi kan leza, wato na'urar da ke yanka da haske, mafi yawan maganar ta karkata ne kan lezar diyod, mai tsawon zangon haske nanomita 810 zuwa 980, wadda ake datse dasashin da ya hau haƙori da ita, ko a yanke tantanin ƙarƙashin harshe. Jini da baƙin launin nama ne ke shan haskenta, shi ya sa baƙin dasashi, wanda ya yawaita a nan, ke saurin ƙuna. A fara da ƙarfin lezar a kan wat 1, a ƙara kaɗan-kaɗan. Hannu kada ya tsaya wuri guda. In nama ya yi gawayi, zafi ya wuce kima, warkewa za ta ja. A riƙa goge bakin zaren da hasken ke fitowa ta cikinsa da auduga jiƙaƙƙiya da ruwa, ban da alkol, yana kama wuta.

Kafin yanka a auna: a bar milimita 3 tsakanin bakin dasashi da ƙashi, in ba haka ba kumburi zai dawo. Ba a taɓa ƙashi da diyod, wannan aikin wata leza ne daban, mai suna erbiyom.

Tabarau na musamman wajibi ne ga kowa a ɗakin, a kuma zuƙe hayaƙin. Farin da ke rufe ciwon washegari ba mugunya ba ce, kada a kankare. Yaji da goro a dakata mako guda.