Rumbun Java bai cika ba, amma manhajata tana ta mutuwa

Bala_Fagge: Assalamu alaikum. Ina da manhajar Java 17 mai rage girman hotuna, tana cikin kwantena (keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja) mai memori giga 2, na sa mata -Xmx1g, wato iyakar giga 1. Duk bayan kwana biyu ko uku sai ta faɗi da lamba 137, ko OutOfMemoryError babu. Na auna rumbun Java (heap, inda take ajiye abubuwan da take aiki da su), bai taɓa haura mega 600 ba. To ina sauran yake zuwa? Ba aikin mai kwashe shara (garbage collector, mai sakin memorin da aka gama amfani da shi) ba ne?

Maman_Hanif: Wa alaikumus salam, Malam Bala. Wannan 137 ɗin ai Linux ce ta kashe ta don ta wuce iyakar kwantena. Shi -Xmx rumbu kaɗai yake yi wa iyaka. Kana kiran ByteBuffer.allocateDirect? In haka ne, abin da ke cikin rumbu ɗan rasit ne kawai, buhun kansa yana waje, kuma ba a sakin buhun sai an kwashe rasit ɗin. Mai shara kuwa cikar rumbu yake kallo. Naka da sarari, me zai tashe shi? Sannan in ba ka sa -XX:MaxDirectMemorySize ba, iyakarsa kusan daidai take da ta rumbu. Giga da giga, ka cinye kwantenar ke nan, ba a ma lissafa Metaspace ba, inda Java ke ajiye bayanan class a wajen rumbu.

Bala_Fagge: Hajiya, ina kiransa kam. Kuma yanzu na ga wanda na gada ya sa -XX:+DisableExplicitGC.

Maman_Hanif: Cire shi. Idan wurin ya ƙure, Java da kanta take kiran System.gc() ta samu sarari, shi kuma DisableExplicitGC ya ɗaure mata hannu.

Danjuma_Zariya: Ni dai ban gamsu nan kaɗai ba ne. Ɗan'uwa, kunna -XX:NativeMemoryTracking=summary, ka duba da jcmd, kayan aikin Java na tambayar manhajar da ke gudu. In jimillar ta yi ƙasa sosai da abin da Linux ke nunawa, to ɓarawon yana ɓangaren C, don wannan ma'aunin ba ya ganin abin da aka ɗebo ta JNI, hanyar da Java ke kiran lambar C. Ni Inflater, mai warware matsattsun bayanai, ya taɓa hana ni barci mako guda: ba mu kiran end(), muna jiran mai shara. Gwada MALLOC_ARENA_MAX=2 ma, glibc, laburaren C na Linux, na da son ware fili.

Bala_Fagge: Na gode ƙwarai. Na cire DisableExplicitGC, na sa wa MaxDirectMemorySize iyakar mega 256. Malam Danjuma, na kuma iske wani GZIPInputStream da ba a rufewa. Na bar ta tana gudu, zan leƙo ranar Alhamis in Allah ya kai mu.