Ina shafin farko na Google, amma ba a latsawa

Jama'a, don Allah ku agaza, abin ya sha min kai. Shafina na koyar da ɗinki yana yawo tsakanin matsayi na 7 da na 9 a sakamakon bincike, kamar yadda Search Console (manhajar Google da ke nuna wa mai shafi matsayinsa a bincike) ke nunawa. Yana bayyana sosai, amma masu latsawa ba su taka kara sun karya ba. Na san na sama ne ke kwashe kaso mafi tsoka, balle a waya, inda talla da bidiyo ke cika allo kafin a gangaro wajena. Na sauya take da ɗan bayanin ƙasansa, shiru. In nemi wasu shafuka su riƙa nuni zuwa nawa ne, ko in koma kan kalmomin binciken da gasa ba ta yi yawa a kansu ba? Wanne ya fi saurin tasiri?