Ina abin tunawa da su Ɗan Kasawa a Maradi?

Tsohon Mushe (Bagalam):
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke tuƙin babbar mota a Amurka ya turo mini hotuna ta WhatsApp ran Juma'a, har yau sun ƙi fita raina. Ya ya da zango a wani ɗan gari, Vincennes, jihar Indiyana, bakin kogin Wabash. Nan ya tarar da wani gini na dutse, kewayayye, mai ginshiƙai 16, daidai inda sansanin sojan Ingila yake a da. An yi shi ne don George Rogers Clark, wani jagoran sojan Amurka a yaƙinsu na neman 'yanci daga Ingila, da mayaƙansa, mutanen bakin iyaka su wajen 170, kusan rabinsu Faransawan yankin. Cikin sanyin Fabrairun 1779 suka tako kusan kilomita 290 daga garin Kaskaskia, ƙasa duk ta sha ambaliya, wani wurin ruwa har ƙirji, bindiga ɗage bisa kai. Ran 25 ga wata kwamandan sansanin, Henry Hamilton, ya miƙa wuya. Shugaba Roosevelt ya ƙaddamar da ginin a 1936.

Daren nan na kira jikana, ɗan shekara 14, na ce wane ne Ɗan Kasawa? Ya ce, "Kaka, ba ƙungiyar ƙwallo ba?" Wallahi tuwon bai ciyu ba. Mutumin da ya tsayar da sarautar Katsina nan Maradi bayan birni ya faɗa hannun masu jihadi! Tambayata: me zai hana mu ma mu gina wani abu don su Ɗan Kasawa, Rauda, Ɗan Mari da Ɗan Baskore, inda yaro zai tsaya ya karanta?

Abu Hafsa (Ali Ɗan Sofo):
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma. Niyya mai kyau ce, amma na duba hotunan wurin, akwai mutum-mutumin tagulla a tsakiya. Wannan kam ba da mu ba. In hasumiya ce da sunaye da shekaru, Hausa da ajami, zan sa jikkata biyar.

Ɗan Jibiya:
Mushe, ku yi mini haƙuri, ni daga wancan gefen nake. Su Amurkawa wanda suka ci da yaƙi ya ƙetare teku ya koma gida. Mu fa? Garuruwan da dawakin Maradi suka riƙa faɗa wa da asuba, cikinsu kakannina suke. Uwata Bamaradiya ce, duk wata sai na bi ta Ɗan Isa na zo gaishe ta. Kuma in za a rubuta, a rubuta da yaƙin Gawakuke, 1836, inda Sarkin Musulmi Bello ya yi galaba, Rauda ya faɗi tare da Sarkin Gobir Ali. Ba nasara kaɗai aka yi ba.

Hajiya Ta-Mokoyo:
Mushe, gini ba ya tsoron kowa sai ruwa. Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945, aka hau tudu. Mahaifiyata tana yarinya lokacin, ta ce da tabarma da tukunya ɗaya suka fito. Abin da ya tsira shi ne wanda ke bakin mutane. Je ka ƙofar fada ran hawan salla ka ji maroƙa na jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya, tsigar jikinka sai ta tashi. To su waɗannan tsofaffin ƙarewa suke yi, 'ya'yansu kuma sun koma kabu-kabu. A fara ɗaukar muryarsu kafin a sayi siminti ko buhu guda.

Tsohon Mushe (Bagalam):
Na gode ƙwarai. Malam Abu Hafsa, ni ma ban nufi gunki ba, ɗana.

Ɗan Jibiya, maganarka ta taɓa ni, don can ma labarin ba fari fat ba ne. Kafin Hamilton ya sallama, mutanen Clark sun kashe wasu 'yan asalin ƙasar da suka kama, da gatari, gaban ƙofar sansanin, don na ciki su gani su karaya. Jikokinsu ma suna da abin faɗa in sun tsaya gaban ginshiƙan nan. Ni abin da nake so shi ne bango guda da zai ɗauki sunan Rauda da Gawakuke da garuruwan kakanninka, yaron Maradi da na Katsina su karanta tare. Kaka ɗaya gare mu.

Hajiya, kin fi ni gaskiya kan abin da za a fara. Akwai wani tsohon maroƙi bayan gidanmu, idonsa ya tafi amma kansa garau. Asabar bayan la'asar zan je da goro da waya, jikan nan nawa shi zai riƙe ta. Ɗan Jibiya, in ka shigo gaida Inna ka neme ni mu je tare.