Maganar asali a ajin rubutu: a taɓa ko a bari?

Malam Issa: Salamu alaikum. Jiya wani abokin aikinmu ya ce zancen launin fata matsalar Amurka ce, kada mu sa ɗaliban jami'a rubutu a kai nan Maraɗi. Ni dai ban yarda ba.

Hajiya Rabi: Malam, ni ina bayansa. Tun kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka a 2020, ake ta turo mana zancen nan ta waya. Mu muna da taubasantaka, Bafillace da Babarbare su zolayi juna a rabu lafiya, har UNESCO ta karrama al'adar a 2014. Don me za mu tono abin da ya kwanta?

Malam Issa: Ai bai kwanta ba, Hajiya. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar a matsayin baiwa tana da shekara 12, kotun ta ce gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. Ɗalibanmu sun san kalmar "bawa" da "buzu" tun daga gida.

Malama Zara: Ni na gwada bara. Na ce kowa ya rubuta wata kalmar asali da aka taɓa jifarsa da ita, minti 10, ba suna. Na tara takardun cikin kwali. Ɗaya ta ce an fasa auren yayarta bayan an kai kaya, don an gano kakansu mahauci ne. Aji ya yi tsit. Sannan muka ɗauki jimlar "asalinsu ba kyau" muka tambaye ta: wa ya faɗa, mene ne hujja, wa ke cin riba da ita? Wallahi ban taɓa samun rubutu mai rai irin na makon nan ba.

Malam Lawali: Madalla, amma yaran nan sun san rubutun hannun juna. Gobe a riƙa nuna yarinyar a tsakar makaranta, wa zai ɗauki alhakinta?

Malama Zara: Gaskiyarku, Malam. Shi ya sa ni kaɗai ke karantawa, ina sauya sunan gari. Kuma ba na nuna ɗalibi in ce ya yi magana da sunan ƙabilarsa.

Hajiya Rabi: Har yanzu hankalina bai kwanta ba, musamman ga 'yan shekarar farko da ba su saba da juna ba. Amma Malama, ranar da za ki sake, ki sanar da ni in zo in zauna a baya.